Hannun da Ya Yi Jifa da Alƙalamin da Ya Ƙirga

A tarihin wasannin Amurka akwai wani adadi da kowa ya riga ya haƙura da shi: 511. Yawan nasarorin da aka rubuta wa Cy Young ke nan, daga shekarar 1890 da ya fara jifa a manyan gasannin besbol zuwa 1911 da ya yi murabus. Mai biye masa, Walter Johnson, a 417 ya tsaya. Cikin masu wasa a wannan zamani, Justin Verlander ne ya fi kowa tarawa, ya haura shekara 40 a duniya, amma abin da ya tara bai wuce 260 da 'yan kai ba. Matashin da zai fara yau, ko da zai ci wasa 20 kowace shekara har shekara 25 a jere, a 500 zai tsaya, saura 11. Shi kansa cin wasa 20 a kaka guda ya zama abin da akan yi shekara sukutum ba a ga wanda ya yi ba.

Besbol ba wasan ƙasar Hausa ba ne, amma musun da wannan adadi yake tayarwa sananne ne a kowace majalisa. Da zarar an ambaci Shago ko Ɗandunawa, za a sami dattijon da zai ce mazan jiya sun tafi da ƙarfinsu, na yau sai hoto. Bambancin shi ne Amurkawa sun ajiye lissafin wasansu tun ƙarni na 19, wasa bayan wasa, don haka ana iya buɗe littafi a duba. Wanda ya duba zai tarar cewa adadin yana auna abu uku a haɗe: ƙarfin hannun mai jifa, irin aikin da aka ɗora masa, da kuma hukuncin wanda ya riƙe alƙalami.

Wasan a taƙaice

Ƙungiya biyu ce, kowacce da mutum tara. Ɗaya tana tsaron fili, ɗaya tana bugu. Majefi yana tsaye a tsakiya, ya wurga wata ƙwallo mai tauri, kamar girman lemo, zuwa ga abokinsa da ke tsugune yana jiran cafewa. A gaban mai cafewar akwai ɗan ɗaya ƙungiyar riƙe da kulki. In ya sami ƙwallon ya maka ta, sai ya ruga ya bi zango huɗu da aka jera a fili; in ya zagayo inda ya tashi ba a tare shi ba, ƙungiyarsa ta sami maki ɗaya. Masu tsaro suna fitar da mutum uku sai a yi musanya. Kowane ɓangare ya yi bugu ya yi tsaro, an yi turmi ɗaya ke nan, in aka ari kalmar 'yan dambe. Turmi tara ne wasa.

Mutum tara ne suke cin wasa, amma al'adar besbol takan ware majefi ɗaya ta rubuta nasarar da sunansa, ta rubuta wa takwaransa na ɗaya ɓangaren faɗuwa. Majefi zai iya yin jifan da ya fi na kowa, abokansa su kasa samo ko maki ɗaya, a rubuta masa faɗuwa. Wani kuma a yi masa ruwan bugu, abokansa su rama fiye da haka, ya tashi da nasara. Tun daga tushe, ke nan, wannan ma'auni yana da gurgunta.

Lokacin da majefi ɗaya ya ishi ƙungiya

A 1869 ƙungiyar Cincinnati Red Stockings ta zama ta farko da ta fito fili tana biyan dukkan 'yan wasanta albashi. Bayan shekara biyu aka kafa gasar ƙwararru ta farko, National Association, wadda ta rayu daga 1871 zuwa 1875. Gwarzonta shi ne Albert Spalding na Boston, wanda ya ci wasa 52 a 1874, ya ci 54 a 1875 aka ci shi biyar kacal.

Sai dai jifan Spalding ba irin na yau ba ne. Doka ta tilasta a wurgo ƙwallo daga ƙasa, hannu yana lilo ta gefen cinya, daga tazarar ƙafa 45. Mai kulki kuma yana da ikon ya faɗi inda yake so a jefo masa, sama ko ƙasa, kuma wannan iko bai gushe ba sai a 1887. Asalin aikin majefi shi ne ya miƙo ƙwallo a buga, wasan gaske ya fara bayan an buga. Masu wayo ne suka riƙa satar hanya, suna murɗa wuyan hannu, suna ɗaga gwiwar hannu kaɗan kaɗan, alƙalan wasa suna kau da kai, doka tana biyo su a baya tana halasta abin da ta kasa hanawa. Jifa daga ƙasa bai cika cin kafaɗa ba, wasannin kaka kuma ba su da yawa: 70 aka tsara wa kowace ƙungiya a 1876, shekarar da aka kafa National League. Saboda haka majefi ɗaya ya isa. Ƙari a kan haka, doka ba ta yarda a sauya ɗan wasa da wani daga waje ba sai in ya ji rauni. Wanda ya fara jifa shi zai gama, in kuwa ya gaza, sai dai ya yi musanyar gurbi da wani da ke cikin fili. Ba a saki wannan doka gaba ɗaya ba sai a 1891.

Spalding ya ga inda riba take. Ya ci wa Chicago wasa fiye da 45 a 1876, ya buɗe shagon kayan wasanni a shekarar, ya daina jifa tun bai kai shekara 28 ba. Sunansa yana nan a jikin ƙwallon kwando har gobe. Shi ne kuma ya kwashi 'yan wasa ya zaga duniya da su a 1888 zuwa 1889, har suka buga wasa a gindin dalar Giza a Masar. A cikin manyan majefan wancan zamani, kaɗan ne suka mutu da dukiya irin tasa, kuma da kanti ya same ta.

Waɗanda suka tsaya ga jifa kuwa, aikin ya yi ta ƙaruwa a kansu. Wasanni suna yawaita, hannu yana ɗagawa sama, gudun ƙwallo yana ƙaruwa, amma masu ƙungiyoyi ba su ga dalilin biyan majefi na biyu da na uku ba. A 1879 Will White na Cincinnati ya fara wasa 75, ya gama duka 75 da kansa, turmi 680. Majefin da ya yi turmi 200 a kaka a yau, jinjina masa ake yi. Tommy Bond na Boston ya ci wasa 40 ko fiye a shekara uku a jere, daga 1877 zuwa 1879, hannunsa kuma ya mutu yana ɗan shekara 25.

Daminar 1884 a Providence

Shekarar da ta fi kowacce nuna wannan hali ita ce 1884, shekarar da Turawa suka zauna a Berlin a watan Nuwamba don tsara rabon Afirka. A shekarar ne National League ta halasta jifa ta sama da kafaɗa, wasannin kaka suka kai 112, kuma gasa uku suke gogayya a kan 'yan wasa.

Ƙungiyar Providence Grays tana da majefa biyu da ba sa ga-maciji. Ɗaya shi ne Charles Radbourn, wanda ake yi wa laƙabi da Old Hoss, ɗan mahauci daga Bloomington a jihar Illinois, shi ma ya yi fawa kafin ya shiga wasa. Wanda ya san cewa dambe a ƙasar Hausa gadon mahauta ne ba zai yi mamakin irin ƙashin da ke jikinsa ba. Ɗayan kuma Charlie Sweeney ne, matashi ɗan shekara 21, wanda a ranar 7 ga Yuni ya fitar da masu kulki 19 a wasa ɗaya ba tare da sun iya buga ƙwallonsa ba, abin da ba a zarce ba a wasa mai turmi tara sai bayan shekara 102. Radbourn mutum ne mai zafin kishi. A tsakiyar Yuli aka dakatar da shi bisa zargin ya yi wasa da gangan don a ci ƙungiyarsa. Bayan 'yan kwanaki, ranar 22 ga wata, Sweeney ya zo fili da alamun maye, manaja ya ce ya ba wani gurbin jifa, ya ƙi, ya fice daga fili ana tsakiyar wasa. Aka kore shi, ya koma wata ƙungiya a St. Louis.

Providence ta wayi gari ba ta da majefin kirki, har ana maganar rushe ƙungiyar. Nan Radbourn ya kawo tayinsa: zai ɗauki jifan da ya rage shi kaɗai, a ƙara masa kuɗi, kuma in kaka ta ƙare a sake shi ya tafi inda yake so. Aka amince. Daga 23 ga Yuli zuwa ranar da suka tabbatar da kambun gasar a watan Satumba, ƙungiyar ta buga wasa 43, shi ya fara 40, ya ci 36. A ciki akwai 18 a jere. Ana ba da labarin cewa yakan tashi da safe ba ya iya ɗaga hannu ya taje kansa, sai ya riga kowa zuwa fili da sa'o'i, ya fara wurgi daga 'yan taku kaɗan, yana ja da baya sannu sannu har kafaɗar ta saki. A ƙarshen kaka ya fara wasa 73, ya gama 73, ya yi turmi 678 da ɗoriya, an ci shi 12. A watan Oktoba Providence ta kara da New York Metropolitans, zakarun gasar American Association, wasa uku, shi ya yi jifa a duka ukun, ya cinye.

Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne ladan da ya nema. A 1879 masu ƙungiyoyi suka ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu cewa kowace ƙungiya za ta keɓe wasu 'yan wasanta, da farko mutum biyar, babu wata ƙungiya da za ta taya su. Sannu a hankali keɓewar ta game kowa. Ɗan wasa in kwantiraginsa ya ƙare, ko ya karɓi abin da maigidansa ya yanka masa, ko ya bar sana'ar. Ana iya sayar da shi kuma: Chicago ta sayar wa Boston da John Clarkson a 1888 kan dala 10,000, kuɗin kuma aljihun masu ƙungiya ya shiga. Radbourn, ke nan, kafaɗarsa ya jinginar don ya fanshi kansa. Abin mamaki, da aka ba shi 'yancin, sai ya karɓi ƙarin albashi ya zauna a Providence, ƙungiyar kuma ta rushe bayan kaka ɗaya.

Wanda ya fi kowa fahimtar wannan tsari shi ma tsohon majefin Providence ne. John Montgomery Ward ya ci wasa 47 a 1879 yana ɗan shekara 19, hannunsa ya lalace, ya koma wani gurbi a fili, ya yi karatun lauya a Jami'ar Columbia. A 1885 ya jagoranci kafa ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa, a 1887 ya wallafa maƙala yana tambayar ko ɗan wasa kadara ce, a 1890 kuma 'yan wasa suka ɓalle suka kafa gasarsu, Players' League. Radbourn yana cikin waɗanda suka bi su. Shekara ɗaya ta yi ta mutu. Dokar keɓewa ta ci gaba da aiki har 1975.

Ƙarshen mutanen bai yi daɗin ji ba. Radbourn ya tara nasara kusan 310 a kaka 11, ya rasa ido ɗaya a hatsarin farauta, ya mutu a 1897 yana da shekara 42. Clarkson, mai nasara 328, wanda ya ci 53 a 1885 kaɗai, ya ƙare rayuwarsa da taɓin hankali, ya mutu a 1909 yana da 47. Pud Galvin, mutum na farko da ya kai nasara 300, a 1888, ya tara fiye da 360, aka kuma ci shi fiye da sau 300 saboda yawancin shekarunsa a ƙungiyoyi masu rauni ya yi su. A 1889 har allurar wani ruwa da aka tatso daga 'ya'yan marainan dabbobi ya yarda aka yi masa don neman ƙarfi, jarida kuma ta yaba maimakon ta tsine. Ya mutu cikin talauci a Pittsburgh a 1902, yana da shekara 45. Sweeney kuwa kurkuku ya tafi bayan ya harbe mutum a mashaya a San Francisco.

Ɗan ƙauyen Ohio

Wannan duka ba ya rage wa Denton True Young komai, domin shi ne ya rayu a zamani biyu ya yi fice a kowanne. An haife shi a 1867 a wani ƙauyen manoma a Ohio. Laƙabinsa, Cy, gutsuren kalmar Ingilishi ce mai nufin guguwa, saboda gudun jifansa. Ya fara da Cleveland a 1890.

A 1893 aka yi sauyin da ya raba tarihin wasan gida biyu. Masu kulki sun kasa, maki ya yi ƙaranci, 'yan kallo suna raguwa, sai aka ja majefi baya da kimanin ƙafa biyar, zuwa ƙafa 60 da inci 6, wato mita 18 da 'yan kai, tazarar da ake amfani da ita har yau. Nan take bugu ya farfaɗo. A 1892, cikin kowane yunƙuri dubu masu kulki suna dacewa sau 245. A 1894 abin ya kai 309. Majefa da yawa da suka yi suna a gajeriyar tazara suka ɓace cikin shekara biyu ko uku. Young ya ci wasa 36 a 1892, ya ci 34 a 1893, kamar ba a taɓa komai ba. Kid Nichols na Boston shi ma ya tsallake, ya ci 30 ko fiye a kaka bakwai, ya kai 300 yana ɗan shekara 30.

Sirrin Young ba ya da ban mamaki. Ba ya ɓarnar jifa, ƙwallonsa tana zuwa inda ya aike ta, ba ya yawan ɗumama hannu kafin wasa don yana ganin kowane wurgi daga rumbu ɗaya ake ɗibarsa. In kaka ta ƙare ya koma gona, ya yi ta faskaren itace har sanyi ya wuce. A 1901 ya koma Boston a sabuwar gasar American League. A watan Oktoban 1903, shekarar da sojojin Ingila suka shiga Kano, shi ya yi jifan farko a karon farko na gasar World Series ta zamani. Ranar 5 ga Mayun 1904 ya fuskanci masu kulki 27 na Philadelphia Athletics, babu ko ɗaya da ya taka zangon farko. Ya fara wasa 815, ya gama 749 da hannunsa, ya yi turmi 7,356. Shi ne kuma ya fi kowa yawan faɗuwa a tarihi, sau 315 ko 316. Wanda ya daɗe a kasuwa shi ya fi kowa riba, shi ya fi kowa asara. Ya mutu a 1955 yana da shekara 88, a shekara mai zuwa aka sa sunansa ga lambar da ake ba gwanin majefa kowace kaka.

Bayansa adadin ya yi ta sauka. Ed Walsh ne na ƙarshe da ya ci 40 a kaka, a 1908. Denny McLain ne na ƙarshe da ya haura 30, a 1968. Randy Johnson ne na ƙarshe da ya kai 300 a rayuwarsa, a 2009. Majefin yau yana wurgi da gudun da ya kai kilomita 150 a sa'a, yana fitowa sau ɗaya a kwana biyar, ana ƙirga jifansa, in ya doshi 100 a cire shi a kawo wani. Ƙungiyar da ta zuba miliyoyin daloli a kan kafaɗa ɗaya ba za ta yi mata abin da Providence ta yi wa ta Radbourn ba. Tausayi ya zo ne bayan kafaɗar ta yi tsada.

Wa ya ƙirga?

Radbourn ya ci 59 ne a 1884 ko 60? Littattafai sun saɓa, kuma saɓanin a kan wasa ɗaya ne, na ranar 28 ga Yuli a Philadelphia. Wani majefi mai suna Cyclone Miller ne ya fara, ya yi turmi biyar ana gabansu da maki ɗaya. Providence ta farke ta wuce gaba, sannan Radbourn ya karɓa ya yi turmi huɗu ba a ci shi ko ɗaya ba. A dokar yau nasarar ta Miller ce. A al'adar wancan zamani, wanda ya fi yin aiki shi ake ba. Dokar da ta fayyace wa ya cancanci nasara, wadda ta ce sai mai farawa ya yi turmi biyar, ba a rubuta ta ba sai a 1950. Mutanen 1884 ba su san suna tara wani abu da jikoki za su yi musu a kansa ba.

Abin da ya sa ake iya musun ma shi ne aikin ɗan jarida. Henry Chadwick, haifaffen Ingila, wanda ya fara da rahoton wasan kurket, shi ya daidaita ɗan jadawalin da jaridu suke bugawa bayan kowane wasa, mai nuna abin da kowane ɗan wasa ya yi. Bayan kusan ƙarni guda, masu bincike suka bi tsofaffin jaridun nan ɗaya bayan ɗaya, suka zuba su a kwamfuta, aka fitar da babban kundin besbol na kamfanin Macmillan a 1969. Yawancin alƙaluman ƙarni na 19 da ake ambata a yau daga irin wannan tono suka fito. Tonon yakan sauya tarihi. Grover Cleveland Alexander ya kai nasara 373 a 1929, kowa ya ɗauka ya zarce Christy Mathewson da ɗaya. Daga baya aka gano wata nasara ta 1902 da ba a rubuta wa Mathewson ba, suka yi kunnen doki, alhali Mathewson ya daɗe a kabari, Alexander kuma ya daina wasa.

Wani lokaci kuma hukunci ne kawai na kwamiti. Wanda aka naɗa kafin fitar da kundin 1969 ya yanke cewa National Association ba babbar gasa ba ce, saboda rashin tsarinta da yawan caca. Da wannan hukunci nasarori fiye da 200 na Spalding suka fita daga lissafin hukuma. Bobby Mathews ya fi shi asara: ya tara 297, amma 131 a waccan gasa ya same su, kuma har yau bai shiga zauren karrama gwanaye da ke Cooperstown ba.

A nan ne mai karatu na gida zai ga inda tasa take. Bayan girbi, daga garuruwan Sakkwato da Zamfara har kudancin Kano, an yi shekaru aru-aru ana dambe da kokowa, an yi kisa ba adadi. Sunan Shago ya tsira ne saboda Ɗan Anace ya waƙe shi, waƙa kuwa tana adana kwarjini da kirari, ba ta adana ranar wasa da sunan kowane abokin karawa. A Nijar abin ya ɗan bambanta. Tun da gwamnatin Seyni Kountché ta fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya fara lashewa, akwai jerin waɗanda suka ɗauki takobi shekara bayan shekara. Shi ya sa da Issaka Issaka na Dosso ya ɗauka karo na shida a Agadas a ƙarshen 2023, aka iya cewa ya zarce kowa ba tare da an rantse ba. Amma jerin ya fara ne daga ranar da hukuma ta ɗauki alƙalami. Duk wanda ya yi zamaninsa kafin 1975, ko ya fi Kantu, ba ya ciki.

Waɗanda ba a bari su tara ba

A shekarar nan ta 1884, ƙungiyar Toledo a American Association tana da mai cafewa baƙar fata, Moses Fleetwood Walker, wanda ya yi karatu a kwalejin Oberlin da Jami'ar Michigan. Babban majefinsu shi ne Tony Mullane, haifaffen Ireland, mai iya jifa da hannu biyu. Bayan shekaru Mullane ya faɗa da bakinsa cewa Walker ne mafi gwanintar mai cafewa da ya taɓa aiki da shi, amma saboda ƙin baƙar fata ba ya duban alamar da yake yi masa, sai ya jefo abin da ya ga dama. A zamanin da ake cafe ƙwallo kusan da tsirarar hannu, wannan yana nufin karyayyun yatsu. Mullane ya ci wasa 36 a shekarar. Ya tara 284 gaba ɗaya, kuma da ya haura 300 ba don an dakatar da shi kakar 1885 sukutum ba, saboda ya tsallake yarjejeniya ya bi wanda ya fi biya. Dokar da ta danne shi ba ta sa ya ji tausayin wanda ke ƙasa da shi ba.

A 1887 Walker ya koma Newark a gasar International League, mataki ɗaya ƙasa da manyan gasanni, inda ya haɗu da George Stovey, majefi bahago, baƙar fata. Stovey ya ci wasa 33 ko 34 a kakar, gwargwadon littafin da aka duba. Ranar 14 ga Yulin shekarar, Newark ta shirya wasan sada zumunci da Chicago, wadda kyaftin ɗinta Cap Anson ya yi ƙaurin suna wajen ƙin shiga fili da baƙaƙe. Stovey da Walker ba su buga ba. A ranar ce kuma shugabannin International League suka kaɗa ƙuri'ar daina amincewa da sabon kwantiragi ga baƙar fata. Ƙofar manyan gasanni ta kasance a rufe har Jackie Robinson ya shiga a 1947. Young, Nichols, Mathewson, Johnson da Alexander duk sun tara nasarorinsu ne a tsakanin waɗannan shekaru, ba su taɓa fuskantar baƙin mai kulki a wasan da ake ƙirgawa ba.

A watan Disambar 2020 hukumar manyan gasannin besbol ta amince cewa gasanni bakwai na baƙaƙe da aka yi daga 1920 zuwa 1948 su ma manya ne. A watan Mayun 2024 aka zuba alƙalumansu a kundin hukuma, Josh Gibson ya ture Ty Cobb daga matsayin wanda ya fi kowa dacewa da bugu a tarihi. An iya yin haka ne saboda jaridun baƙaƙe na wancan lokaci sun buga jadawalin wasanni, masu bincike kuma suka yi shekaru suna tattarawa. Gyaran ya fara ne daga 1920. Stovey ya yi zamaninsa shekara 30 kafin nan, a ƙananan gasanni da ƙungiyoyin baƙaƙe masu yawo gari gari, ya mutu a Williamsport ta jihar Pennsylvania a 1936. A kundin manyan gasanni babu ko nasara ɗaya da sunansa.